Jirgin Malam Tanimu Bai Tashi Ba

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna kallona ina danna waya, na san abin da kuke faɗa in na ba da baya. Wai Malam Ɗahiru ya samu sana'ar hutu, ya latsa nan ya latsa can, tikitin jirgi ya fito, ya karɓi ladansa. Ban ga laifinku ba. Sayar da tikiti kam ko jikata za ta iya, in aka nuna mata sau ɗaya. Aikin yana farawa ne ranar da mutum ya yi wanka, ya yi sallama da iyalinsa, ya isa filin jirgi, aka ce masa jirgin ba zai tashi ba. A ranar ba kamfanin zai nema ba, don bai san ƙofarsu ba. Kai ya sani, kuma ya san gidanku.

Tikitin farko da na rubuta a rayuwata na wani mai fataucin fata ne da zai je Legas. A Kano ne, a shagon maigidana Alhaji Uba, kan hanyar filin jirgi. A lokacin tikiti ɗan littafi ne mai shafuka da jan kabon a bayansu, sai ka danne biro sosai rubutun ya ratsa har shafin ƙarshe. Na rubuta Muhammadu, na miƙa wa Alhaji ina jin kaina. Ya karɓi katin shaidar mutumin ya duba, ya ga Mamman ne a jiki. Bai yi mini faɗa a gaban baƙo ba. Sai da mutumin ya fita alwala ya ce, "Ɗahiru, sunan mutum ba naka ba ne da za ka gyara masa. Yadda ka gan shi a kati, haka za ka ɗauke shi, ko da kuskure ne." Har yau in ɗan Ikara ya zo ya ce sunansa Sule, sai na ga katin da idona, don sau da yawa Sulaiman ne a rubuce, kuma a kan wannan ɗan bambancin za a iya tsayar da shi a ƙofa jirgi ya tafi ya bar shi.

Bayan wannan Alhaji ya karɓe biron daga hannuna, ya tura ni filin jirgi rakiyar fasinjoji. Na daɗe a can ina ɗaukar jaka, ina nuna wa tsofaffi layin da za su bi. Na ɗauka horo yake yi mini, ashe karatu ne. A can na koyi cewa allon da ke nuna lokacin tashi shi ne na ƙarshen sanin gaskiya. Masu lodin kaya sun fi shi sani. In ka ga sun zauna a inuwa sun cire safar hannu, jirgi bai ma baro inda yake ba. In ka ga ma'aikatan kanta suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya, an bar ƙaramar cikinsu ita kaɗai, to an soke tafiyar, ana neman wanda zai iya faɗa ne.

Da mahaifina ya rasu na dawo gida Makarfi, na kama wannan shagon. An yi mini dariya ba kaɗan ba, wai wa zai hau jirgi a garin rake. Amma masu tumatir da albasa suna da harka a Legas, akwai masu zuwa umara, akwai ɗalibai, akwai masu kai marasa lafiya. Na fara da wayar tebur, daga baya kwamfuta da firinta da ɗan janareta. Yau kayan aikina waya ce mai layi biyu, da abin caji na aljihu, da wancan sikelin da kuke hawa kuna auna kanku. Sikelin nan ya fi kwamfutar cetona. Tun da kamfanonin araha suka shigo, kujerar kawai suke sayar maka, kaya kuwa in ya ɗara abin da suka yanka sai ka biya daban. Wata Hajiya daga Kurmin Kogi ta taɓa zuwa da galan na man shanu za ta kai wa 'yarta da ta haihu, ta ce a cinya za ta riƙe. Na yi ta lallashinta kafin ta yarda muka naɗe shi da leda muka cusa cikin babbar jaka. Da na bar ta ta tafi da shi a hannu, a ƙofar bincike za a karɓe, ta shiga jirgi tana kuka.

Kamfanonin araha sun kyauta wa talaka, wannan ba zan ɓoye ba. Manomin da bai taɓa mafarkin jirgi ba ya hau. Sai dai arahar tana da inda aka rage ta. Da can in an soke tafiya akwai ofis mai ƙofa, akwai manaja mai suna, ka je ka zauna har ya fito. Waɗannan kuwa lambar waya ce kawai. Wani ɗalibi ɗan Kudan da aka soke jirginsa ana gobe jarrabawarsa a Fatakwal, na kira masa layinsu tun hantsi. Murya ta ce in danna kaza, na danna, aka sa mini kiɗa. Katina ya ƙare, na sake sawa, aka mayar da ni farkon layi. Da mutum ya ɗauka daga ƙarshe, yaron ya miƙo hannu zai fizge wayar ya zazzage masa. Na hana shi. Wanda ya ɗauki wayar nan ba shi ya soke jirgi ba, kuma tun safe zagi yake sha. Ka gaishe shi, ka tambayi sunansa, ka karanta masa lambar tikitinka a hankali, ka nemi abu ɗaya tak. Kada ka ce a biya ka, a ba ka haƙuri, a kuma sauya maka jirgi duk a numfashi guda. Na ce ina roƙon kujera ɗaya a jirgin da zai tashi daga Kaduna da yamma. Aka samu. Yaron ya rubuta jarrabawarsa.

Ba kullum ake samu ba. Shekarar da man jirgi ya yi wuya ita ce shekarar da na ga iyakar dabarata. Kamfani zai sayar da kujerun safe da na yamma, ya haɗe fasinjojin wuri guda, ya kwashi wanda ya kwasa, sauran a ce su dawo gobe. Saƙon sokewar wani lokaci yakan shigo wayata bayan mutum ya riga ya wuce Kwanar Dangora. Wani ɗan kasuwa da muka shekara goma sha muna hulɗa ya tsaya a nan ƙofar, ranar kasuwa, ya kira ni macuci mutane suna ji. Da yawa suka koma motar dare, ba su sake dawowa ba. A cikin wannan shekarar ne Malam Tanimu ya zo mini daga Taba.

Dattijo ne siriri, manomin rake, yana jan ƙafar hagu saboda ciwon ƙugu. Ya yi sallama, muka gaisa, na tambayi gida da gona da mutanen Taba, sannan ya ciro 'yar wayarsa daga cikin leda ya ce in kira lambar ƙarshe, ɗan wansa ne, Kabiru, shi zai yi mini bayani. Kabiru ya ce mahaifinsa, Malam Sale, yana kwance a asibiti a Legas, ƙoda ta gaza, likita ya ce a sanar da dangi. Ya ce tun jiya ba ya kiran sunan kowa sai na ƙaninsa. Su za su ɗauki nauyin jirgin, in dai zan sa Baffansu a ciki.

Da na ajiye wayar, Malam Tanimu ya ba ni sauran labarin yana kallon ƙasa. Fadama ce mahaifinsu ya bari. Wajen rabo suka saɓa a kan iyaka, ya ɗaga wa yayansa murya a gaban dagaci da mutanen gari, Malam Sale ya tattara iyalinsa ya tafi Legas sayar da albasa. Tun 'yar Malam Tanimu ta fari tana goye, ga ta yanzu da nata 'ya'yan, magana ba ta sake haɗa su ba.

Na ce, "Baba, ga waya a hannu. Ko in sake kiran Kabiru ya kara wa Malam Sale wayar a kunne, ku fara gaisawa kafin ka isa?"

Ya girgiza kai. "A'a, Malam Ɗahiru. A gaban mutane na yi masa rashin kunya, tsaye. Ba zan nemi gafararsa ta cikin wannan abar ba. Sai na durƙusa a gabansa ya ga furfurata."

Ƙugunsa ba zai ɗauki zaman mota na yini da kwana ba. Na duba duk kamfanonin da ke tashi daga Kano da Kaduna, kujera ɗaya ta rage, a wani kamfanin araha, washegari da rana. Na yanka masa. Na duba katinsa na ɗan ƙasa, na auna 'yar jakarsa. Riga biyu ce a ciki da carbi, da mazarƙwaila da ya naɗe a takarda, ya ce tun suna yara Yaya yake son ta. Wanda bai taɓa hawa jirgi ba, in tsoho ne, ba na sakinsa shi kaɗai. Na rufe shago na bi shi.

Da sassafe muka hau mota a Tashar Yari. Mun isa filin jirgin Kano da wuri, aka karɓi jakarsa, aka ba shi takardar shiga, muka zauna. Lokacin tashi ya yi ya wuce. Lasifika ta ce an ɗan ɗage saboda dalilan aiki. Na leƙa ta gilashi, na ga masu lodi a zaune. Muka yi azahar, muka yi la'asar. Malam Tanimu bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba, duk jirgin da ya sauka sai ya miƙe ya gyara hularsa, in ce masa ba namu ba ne, ya koma ya zauna. Dab da magariba aka ce an soke, a zo a karɓi kaya, za a kwashe mu gobe da safe.

Na zagaya kantar kowane kamfani, babu kujera ko ta tsayuwa. Na kira wani abokin aikina a Kaduna, ya ce su ma nasu fasinjojin na jiya suna zube a ƙasa. Na dawo na faɗa wa Malam Tanimu yadda abin yake, ban rage komai ba.

Ya ce, "To kai me ka gani?"

Na ce, "Baba, ban san gaibu ba. In jirgin safe ya tashi, kafin azahar kana gabansa. In ka bi motar da za ta tashi yanzu, sai gobe bayan duhu, in hanya ta yi kyau, in kuma ƙugun ya yarda. Amma mota in ta tashi ta tashi. Jirgin nan kuwa ba zan rantse maka a kansa ba."

Ya shafa ƙafar. Ya ce ko zuwa Kano da muka yi da safe, da ƙyar ya sauko daga mota. Za mu jira jirgi. Muka kwana a gidan wani ɗan'uwana a Kurna.

Washegari muka tarar an haɗe mu da fasinjojin ranar, an ce sai da rana. Zauren ya cika ya batse. Mutane suka yi wa kantar kamfanin zobe, ana buga tebur, wani yana ɗaukar bidiyo, wata mata tana kuka da jariri a kafaɗa. Manyan duk sun ɓace. Yarinya ɗaya aka bari, Bayarbiya ce haihuwar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta kowa, tana ta maimaita cewa ita ma ba a gaya mata komai ba. Na jira har hayaniyar ta ɗan lafa, na matsa na gaishe ta, na nuna mata dattijon da ke zaune da jaka a cinya, na faɗa mata abin da ke jiransa a Legas. Ta ce in jirgi ya zo, ko mutum goma zai ɗauka, Baba yana ciki. Na san da gaske take, na kuma san ba ita ke kawo jirgi ba.

Muna nan wayar Malam Tanimu ta yi ƙara. Ya miƙo mini. Kabiru ne, muryarsa ta sauya. Ya ce harshen mahaifinsa ya yi nauyi tun asuba, yanzu ba ya magana, likita ya ce su matso kusa. Ya ce, "Malam, in Baffa yana da abin faɗa, ya faɗa yanzu."

Na faɗa wa Malam Tanimu kamar yadda aka faɗa mini. Ya dube ni, ya dubi ƙofar da ake fita zuwa jirgi. Sannan ya miƙo hannu.

A zauren ba ka jin ko muryar kanka. Yarinyar nan ta hango mu, ta bar kantar da masu zaginta, ta zo ta kama jakar Baba ta ce mu biyo ta. Wani ɗan ɗaki ta buɗe mana a baya, inda suke ajiye kayan da suka ɓata, ta ja ƙofa ta tsaya a waje. Na ƙara wa wayar murya na riƙe masa. Malam Tanimu ya dafa bango, ya sauka a hankali har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa, a tsakanin akwatunan mutane. Ya cire hularsa.

"Yaya. Yaya, ni ne Tanimu."

Ba abin da ke fitowa sai numfashi mai nauyi da ƙarar wata na'ura.

Kabiru ya ce, "Yana jinka, Baffa. Ya buɗe ido."

"Yaya, ina hanya, jirgi ne ya ƙi tashi. Ga ni a durƙushe, Malam Ɗahiru shaida ne. Abin da na yi maka a gaban dagaci, ban kyauta ba. Kai ne babba. Kai ka goya ni zuwa gona. Ka yafe mini don Allah. Ni ban riƙe ka da komai ba, na yafe maka duniya da lahira."

Can Kabiru ya ce, "Baffa, ya motsa hannu."

Malam Tanimu ya matso da fuskarsa kusa da wayar. "Wane irin motsi? Ɗagawa ya yi, ko kaɗawa?"

"Wallahi Baffa ban sani ba. Ya dai motsa."

Daga nan muka ji wata mata ta fara salati, Kabiru yana laƙƙana wa mahaifinsa kalmar shahada, sai layin ya yanke. Malam Tanimu bai tashi ba. Ba a jima ba wayar ta sake ƙara, na ɗauka, na ji abin da na ji, na ce masa, "Baba, sai haƙuri." Ya yi innalillahi, ya maimaita, ya mayar da hularsa. Na kama shi ya miƙe.

Da muka fito, yarinyar ta dubi fuskarsa ta gane. Ta rusuna ta ce, "Baba, Allah ya jiƙansa. Ku yi haƙuri." Ya ce, "Ba laifinki, 'yata." Ya buɗe jaka ya ciro mazarƙwailar ya ba ta. Ta ƙi karɓa, ya ce ta karɓa, tun safe bai ga ta sa komai a baki ba. Muna tsaye lasifika ta sanar an soke jirgin ranar ma. Zauren ya ɗauki ihu, ta koma kantarta. Kabiru ya ce za su yi jana'iza bayan la'asar. Muka nemi motar gida. A Taba aka yi zaman gaisuwa, Malam Tanimu ne mai karɓa, don shi ne ya rage.

An yi makonni kafin saƙon kamfanin ya shigo wayata. Sun ba da haƙuri da kalmomi masu daɗi, sun ce an ajiye wa fasinja kujerarsa, ya yi tafiya duk ranar da ya so kafin shekara ta zagayo. A ƙasa kuma suna tambaya ko ya ji daɗin hulɗa da su. Irin wannan saƙon ba a aika shi da baki, na hau babur na tafi Taba. A fadama na same shi yana gyaran kwarin ruwa a cikin rake. Muka gaisa, na sake yi masa ta'aziyya, muka zauna a kan kunya na karanta masa, ina fassarawa.

Ya ce, "To madalla. A ba Kabiru. Ya zo ya ga gonar ubansa, daga wancan dabinon har bakin rafi tasu ce, na faɗa wa dagaci."

A nan gabansa na kira kamfanin. Muka sha kiɗa, har wani saurayi ya ɗauka. Na gaishe shi, na ba shi lamba, na nemi abu ɗaya, a sauya suna. Ya ce ba a sauyawa. Na ba shi labarin a taƙaice. Ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma kwamfutar ba za ta karɓa ba, wanda sunansa ke jiki shi kaɗai zai hau. Na yi masa godiya na kashe.

Malam Tanimu ya ce, "Ni kaɗai?"

Na ce, "Kai kaɗai, Baba."

"To wa zan je gani?"

Ya tsinki ganyen rake yana murzawa. Can ya ce, "Malam Ɗahiru, kai aikinka ke nan, sauraron mutane ta waya. Kai ka riƙe ta ranar. Da na gama magana, ka ji numfashin nasa ya sauya?"

Na ce, "Na ji numfashi, Baba. Ban iya rarrabewa ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Haka ne. Ni ma ban iya ba."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ɗauki fartanyarsa, ya koma cikin raken yana jan ƙafa.